Zaren da ke Jikin Sandar Baba Kar-a-Zubar

Kafin kowa ya ɗaga ƙofar shagonsa a layinmu, Baba Kar-a-Zubar ya riga ya buɗe filinsa. Ba ya gaisawa da kowa tukuna, ko da kai waye. Kai tsaye zai wuce bayan ƙofa, ya ɗauko wata doguwar sanda, ya goge ta da tsumma, ya hau matakalar ƙarfe mai hawa uku, ya kwance murfin babban tanki, ya zura ta har ta taɓa ƙasa. Sai ya zaro a hankali, ya kai ta saitin idonsa. A jikin sandar akwai ɗan zare da ya ɗaura jiya da yamma, daidai inda mai ya tsaya kafin ya kulle. In jiƙon man ya kai zaren, to ko ɗigo bai ɓace ba. Sannan ne zai juyo ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Tela, an tashi lafiya?"

Zaren nan daga shagona yake fitowa. Shagona na ɗinki yana kallon ƙofarsa, kuma kullum da yamma sai ya tsallako ya tsinci guntun farin zare a gindin kekena. Shekara ashirin da uku ke nan, bai taɓa sayen ƙwaryar zare ko ɗaya ba, wai ai zubarwa zan yi. Wannan watan ya ajiye aiki, shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro. Akwai kuma wata magana da na taɓa gaya masa, wadda nake son in janye a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a na faɗe ta.

Sana'arsa tara baƙin mai. Duk man da aka juye daga injin mota, ko janareta, ko injin niƙa, shi ne kayansa. Shi da ma'aikatansa huɗu suna bin gareji-gareji da jarkoki da duro a bayan tsohuwar a-kori-kura, su saye, su kawo su juye a tanki. Duk wata tankar wani kamfani da ke tace tsohon mai takan zo ta kwashe. Iyakar aikin ke nan, kuma ba wanda zai ga mutum cikin wannan riga mai maiƙo ya ce yana son ɗansa ya gaje shi.

Da can bakanike ne, kuma kamar kowane bakanike na lokacin, kwata ce kwandon shararsa. Matarsa, wadda duk layin muke kira Mama, tana kiwon agwagi. Wata rana bayan ruwan sama agwagin suka dawo daga kwata sun yi baƙi, fikafikai sun manne, kafin kwana biyu bakwai suka mutu. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta jera su a ƙofar garejinsa, ta koma gida. Daga ranar ya fara tara nasa a duro, sannan na maƙwabta. Duk garejin da ya shiga ya ga an ɗauki daro za a nufi kwata, sai ka ji shi tun daga nesa, "Kar a zubar, kar a zubar." Kanikawa suka liƙa masa sunan don tsokana, har nasa na yanka ya ɓace.

Kada wani ya zaci hanya ta miƙe masa. Akwai wasu masu farar mota da su ma suke sayen baƙin mai, suna kuma fin shi farashi, domin su tacewa suke yi da tsumma, su ɗura a sababbin galan, su sayar wa bayin Allah a matsayin sabo. Shi kuwa ga safar hannu da takalman roba da yake saya wa ma'aikata, ga takardar izini da ake sabuntawa bayan an sha zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, ga kai mutanensa asibiti a duba fatarsu da ƙirjinsu duk shekara. Ta ina zai kamo masu farar mota? Kanikawa da yawa sun gaya masa a fuska, "Baba, muna ganin girmanka, amma girma ba ya sayen taya." Yakan yi dariya ya ce, "To, ranar da ba su zo ba, kar dai a zubar." Da irin wannan naci ya riƙe rabin garejin gari.

Kai ne, Baba, ka taɓa korar ma'aikacinka gida da cikakken kuɗin yininsa saboda ya cire safar hannu, ka ce gara ka yi asarar yini da ka mayar wa matarsa miji mai ruɓaɓɓen hannu. Ni na gani da idona, na kuma ce a raina mutumin nan ba zai taɓa yin arziki ba. Ban yi kuskure sosai ba.

Amma abin da aka fi yi masa dariya a kai shi ne ginin ƙasan tanki. A bayan katangarsa akwai rijiyar unguwa, wadda gida kusan arba'in ke sha. Da zai kafa tankin, sai ya kira wani magini ya ce a haƙa rami mai zurfin mutum, a zuba masa kankare ƙasa da gefe kamar ƙaton baho, a cika shi da yashi, a yi daɓen siminti a sama, sannan a ɗora tanki. Maginin ya dube shi ya ce, "Ɗaki za ka gina wa datti, ka kuma binne ɗakin?" Muka yi ta dariya a bakin shagona. Kuɗin da Mama ta tara don a yi wa gidansu rufi, a ramin nan ya ƙare, damina biyu suna tare ruwa da bokiti. Aka rufe bahon da daɓe, ba wanda ya sake ganinsa, mu ma muka manta da shi.

Shi dai bai manta ba, saboda wani abu guda. Ranar zuba kankaren, siminti ya ƙare kafin a kai kusurwa ta ƙarshe, sai washegari aka ƙarasa. Duk mai gini ya san inda kankaren jiya ya haɗu da na yau, nan ne yake fara tsagewa. Kusurwar kuma ita ce mai kallon rijiya.

Yanzu ga abin da ya faru. Baba ya tsufa, gwiwa ta fara ƙin matakala, ya yanke shawarar miƙa wa 'yarsa Auta, wadda ta yi karatun kimiyya ta dawo tana aiki tare da shi shekara biyar. Ita ta yi ta bin kamfanin tace mai har suka yarda za su ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da sunanta. Saura sati uku a sa hannu. Wata Talata da safe ina share bakin shago, na ga ya zaro sanda ya daɗe yana kallo. Ya goge ta, ya sake zurawa. Ya sake gogewa, ya zura a karo na uku. Bai ɗaga mini hannu ba.

Man bai kai zare ba. Ya rage faɗin yatsa biyu. A tanki mai wannan faɗi, yatsa biyu ya kai jarka huɗu. Murfi a kulle yake, ba a taɓa kwaɗo ba, daɓe kuma a bushe ƙayau. In mai bai fita ta sama ba, bai fita ta gefe ba, saura hanya ɗaya. Ya ce mini daga baya a lokacin kusurwar nan kawai yake gani a idonsa.

Da Auta ta iso ya nuna mata sandar. Ita ta ba ni labarin abin da suka ce, ba ta rage wa kanta komai ba.

"Baba, mu biyu kaɗai muka gani," ta ce. "Mu juye man a duro yau ɗin nan, a kira mai walda ya toshe tankin. In hukuma ta ji, janye takardar za su yi, kamfanin kuma ba zai jira mu ba."

"Wanda ya riga ya fita fa? Shi ma mai walda ne zai dawo da shi?"

"Ai akwai bahonka a ƙasa."

"Kin taɓa ganinsa?"

"A'a."

"Ni ma rabona da shi tun kina goye. Taku nawa ne daga nan zuwa rijiya?"

Ta ce, "Talatin da ɗaya." Tun tana ƙarama yake sa ta ƙirgawa.

"Da ruwan nan ake yi wa jikar Tela wanka, kwananta arba'in a duniya. Shi uwarki take sha. In na yi shiru, duk wanda ya yi ciwon ciki a unguwar nan daga yau har in mutu, zan ce ni ne."

Auta ta ce hawaye ne suka zubo mata, na takaici, don shekara biyar ɗinta take gani tana tafiya. Ta tsaya jim, ta share fuska da bayan hannu, ta ce, "Ba ni makullin mota. In dai za a faɗa musu, gara su ji daga bakina." Ita ta tafi ofishin hukumar kula da muhalli ta kai ƙarar kansu.

Shi kuma ya cire kwaɗon ƙofarsa, ya zagaya bayan katanga. Mata sun cika bakin rijiya, cikinsu har da Mai Wanki, wata bazawara da ke ciyar da 'ya'ya biyar da wankin kayan mutane, wadda bakinta ko reza albarka. Ya yi sallama, ya ce, "Ku yi haƙuri, ku zubar da abin da kuka ɗiba yau. Tankina ya yi yoyo, ban san inda man ya tsaya ba. Zan rufe rijiyar nan sai an gwada." Ya ja murfin ƙarfe, ya datse kwaɗo.

Unguwa ta rabu biyu, kuma duka ɓangarorin shi suke zagi. Wasu suka ce ya kashe su da guba. Wasu suka ɗaga bokiti suka ce ga ruwa garau, ba wari ba maiƙo, wa ya ba shi sarautar rijiya da zai kulle? Mai Wanki ta riƙe ƙugu ta ce, "Da yawun bakinka zan yi wankin, Baba? Ko kai za ka ciyar mini da yaran?" Ya ce, "Ruwa zai zo kafin azahar, 'yar'uwa." Ta ce, "Ni ba 'yar'uwarka ba ce."

Ni kuwa da na tuna jikata, idona ya rufe. Na tsallaka titi, tef ɗin awo a wuya, na tsaya a gabansa mutane na ji, na ce, "Shekara ashirin kana hana mutane zubarwa, ashe tarawa kake yi ka zuba mana gaba ɗaya." Ya dube ni, ya wuce. Da yamma ƙafarsa ta kawo shi bakin shagona kamar kullum, don ɗaukar zare. Na duƙar da kai a kan keke kamar ban gan shi ba. Ya ɗan tsaya, sai ya tuna tanki mai yoyo ba ya buƙatar zare, ya juya. Har yau in na tuna bayansa a ranar, kunya takan rufe ni.

Ruwa kuwa ya zo kafin azahar. Ya ɗauko hayar tankar ruwa, safe da yamma. Tsofaffin da ba su iya fitowa, ya sayo sababbin jarkoki, shi da ma'aikatansa suka riƙa kai musu a baro. Wasu gidajen suka ƙi karɓa, wai jarkar mai baƙin mai ce, sai da ya riƙa zuwa da su da ledarsu ta kanti a jiki, ana yagewa a gaban masu gida. A kwana na uku aka ga wani baƙo ya tuƙa a-kori-kurar ya tafi da ita. Ba wanda ya tambayi Baba, kowa ya san sayar da ita ya yi don biyan kuɗin ruwan.

Wata jami'a ta zo daga hukuma, mace mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ɗebi ruwan rijiya a kwalabe, ta manna takarda a ƙofar filin, ta ce an dakatar da aiki, sakamako sai bayan kwana tara. Aka juye man, aka ɗaga tankin da ƙugiya. Ga ramin tsatsa nan a gindinsa, bai kai ƙwayar gero uku ba, ga kuma tsaga a daɓen daidai ƙarƙashinsa, man ya bi ta nan ya nutse. Jami'ar ta ce a hukumance ya isa haka, a jira gwajin ruwa. Baba ya ce, "Ranki ya daɗe, ruwa zai iya fita lafiya yau, man yana hanya. A fasa daɓen."

Aka aika wa maginin. Ya tsufa tukuf, da sanda yake tafiya, amma bakin yana nan. Aka ajiye masa kujera a inuwa. Ya ce, "Ni dai na gaya maka tun farko hauka ne. Yanzu ga shi za ka tone haukar a gaban mutane." Sai dai na lura idonsa na kan ɓangaren rijiya, don shi ma ya tuna kusurwar.

Kwana biyu ana fasa da guduma da diga. Rabin unguwa na kan katanga, ni ma ina ciki, na zo kallon abin da nake tsoro. Yashin sama fari ne. Da aka yi ƙasa kamu biyu ya koma ruwan toka, daga nan ya zama baƙi, yana naso a shebur. Kuma baƙin duk ya gangara ne wuri guda, zuwa kusurwar rijiya. Mama tana tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi. Baba ya karɓi shebur daga hannun ma'aikacinsa, ya sauka ramin da gwiwar nan tasa. Auta ta ce, "Baba, bari su yi." Ya ce, "Ni na binne."

Ya kwashe yashin har ya kai kankare. Man ya taru a kusurwar, ya kwanta kamar ruwa a daro. Suka kwalfe shi da gwangwani, suka goge da tsumma, Baba ya durƙusa ya bi layin haɗin da yatsa daga sama har ƙasa, sau biyu. Ya ɗago ya dubi maginin, ya ce, "Ban ji tsaga ba. Har wani shafe nake ji a kai."

Maginin ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sannan ya gyara zama. "To da me za ka ji? Bayan ka tafi, na dawo na sake bin wurin da shafe biyu, da simintin da na rage don matakalar gidana. Na ce tunda mahaukaci ne, bari in yi masa aikin mahaukata. Matata ta yi shekara tana yi mini gori."

Baba bai yarda da yatsansa kaɗai ba. Ya sa aka haƙa ta waje, tsakanin bahon da katanga, har aka shiga ƙarƙashin kusurwar. Jami'ar da kanta ta sauka, ta damƙo ƙasar, ta murza, ta shinshina. Jar ƙasa ce, busasshiya. Ta zuba a leda ta ɗaure, ta ce, "Ban ce komai ba sai takarda ta fito." Amma ta miƙa masa hannu ta taimaka masa ya fito daga ramin, abin da ba ya cikin aikinta.

Sauran kwanakin jira suka nuna mana wani abu da ba mu nema ba. Filin Baba a rufe, babu mota, babu mai zagayawa. Masu farar mota suka kwashi na manyan gareji, ƙananan kuwa ba su da lokacinsu. Kafin sati ya cika, kwatar layinmu ta koma baƙa. Aka yi ɗan yayyafi, maiƙo ya malalo har bakin shagona, wari ya hana mu sakewa. Yaran da aka haifa bayan ya fara aiki ba su taɓa ganin kwatar a haka ba. Mai Wanki ta zame a kai da ƙullin fararen kaya, ta tashi tana duba zanen gadon mutane, ba ta zagi kowa ba, wanda a wurinta babban al'amari ne. Ashe shekara ashirin da uku muna tsallake kwata mai tsabta, muna zaton haka Allah ya yi ta.

A rana ta tara, da hantsi, jami'ar ta dawo da ambulan. Ba ta shiga filin ba, bakin rijiya ta nufa, mutane suka biyo ta. Baba yana tsaye da makulli a hannu, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ta karanta da harshen ofis, ba wanda ya gane, sai ta cire tabarau ta ce, "Ruwanku lafiya lau. Ƙasar ma haka. Babu mai a ciki, ko alama."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka. Wata tsohuwa ta fashe da kuka, wasu suna hamdala. Baba ya sunkuya zai buɗe kwaɗo, makullin ya ƙi shiga. Mai Wanki ta fizge, ta buɗe, ta zura guga. Da ya fito ta kafa kai ta sha, ruwa na bin haɓarta, sannan ta miƙa masa ta ce, "Sha, Yaya. Ka bushe kamar itace." Ya karɓa, ya zauna daɓas a gefen rijiyar da gugan a cinya. Mama ce ta gaya mana kwana taran nan bai iya haɗiye abin kirki ba. Ya sha, ya sake sha, ya wanke fuska, ya daɗe yana wanke ta fiye da yadda fuska ke buƙata.

Ba zan ce bai yi asara ba. Motar ta tafi. Takardar izini sai bayan wata guda aka mayar. Gareji da dama da suka ɗanɗana farashin masu farar mota ba su dawo ba. Kamfanin ya ja ƙafa, ya turo mutanensa suka duba bahon, suka karanta rahoton jami'ar, daga ƙarshe suka sa hannu a kan shekara biyu maimakon biyar. Auta ta ce biyun ma ta gode, kuma sabon tankin a kan ƙafafun ƙarfe ta ɗora shi, yadda mutum zai iya leƙa gindinsa. Kanikawan da suka rage suna kawo nasu da kansu a baro, har a sami wata motar.

To, Baba, ga maganata. Na ce tarawa kake yi ka zuba mana. Ƙarya na yi, tsoro ne ya yi magana da bakina, na janye, ka yafe mini. Kai ne ka ga yatsa biyu, ba mai gani sai kai da 'yarka, ka zaɓi zagin unguwa a kan shirun da zai cece ka. Kai ne ka binne rufin ɗakinka a ƙasa saboda ranar da ba ka san za ta zo ba. Jikata ta fara zama yanzu, da ruwan rijiyar nan take rayuwa. Mun gode, Kar-a-Zubar, mai tsaron ruwan da ba nasa ba. Mun gode wa Mama da ta tari ruwan sama da bokiti, da maginin da ya hana gidansa matakala. Allah ya saka, ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma masu tasowa da ke son kafa sana'ar da ba ta cutar da mutane da ƙasa, kada a ruɗe ku, za a fi ku farashi, za a yi muku dariya, ranar da kuka faɗi gaskiya a kan kanku ma za a zage ku. Ku yi duk da haka. Ku samo abin da za ku riƙa aunawa kullum, kuma ranar da bai kai ba, ku faɗa. Mu maƙwabta kuma, in mun ga irinsu, mu rage baki, mu kai musu ciniki tun suna da ƙarfi.

Ranar da ya miƙa aiki ba a yi taro ba. Da yamma ya kira Auta ya ba ta sandar, ya ce, "Zaren a wurin Tela ake ɗauka, ba a biya." Ya tafi gida.

Washegari da sassafe ina buɗe shago sai ga shi da wando a hannu, wai ƙafar ta warware. Ya zauna a bencina, ya gyara zama yadda yake kallon ƙofar filin. Ina juya wandon ina neman inda ya warware, ban gani ba. Can Auta ta buɗe ƙofa, ba ta kalli kowa ba. Ta ɗauko sanda, ta goge, ta hau matakala, ta zura, ta zaro, ta kai saitin ido. Baba ya kafa mata ido. Sai ta juyo ta ɗaga mana hannu.

Ya miƙe, ya zare wandon daga hannuna, ya naɗe shi a hammata.

"Bar shi, Tela," ya ce. "Ba abin da ya same shi."